Baba Sai-na-buɗe da Jitar Auta

A layinmu ba wanda ke kiran mahaifina da sunansa. Masu kawo gyara suna ce masa Mai Rediyo, abokan wasansa kuma suka laƙaba masa Sai-na-buɗe, sunan kuwa ya bi jikinsa. Ka kawo masa rediyo ka ce batir ne kawai ya mutu, zai dube ka ta saman tabarau, ya juya rediyon ya shinshina bayansa, sannan ya ce sai ya buɗe ya gani. Ko sabo fil aka ciro daga kwali don ya gwada, sai ya kwance shi. Mama takan ce da likita ya ba shi dama, da ranar da aka haife mu ya buɗe mu ɗaya bayan ɗaya ya duba ko an yi masa musanya.

Shagonsa ɗan siririn ɗaki ne, tebur a ƙurya, benci a bakin ƙofa, tsakaninsu kuma kanta cike da rediyoyin da masu su suka manta da su. Warin dalma ya kama bango, ya kama rigunansa, har burodin da yake kawo mana gida yana ɗauke da shi. Da wannan shagon ya ciyar da mu, ya sa ni a makaranta har na zama malama, kuma ban taɓa jin wani ya dawo da aikinsa ya ce bai yi ba. Duk abin da ya gyara yakan ɗiga masa jan fenti a wani lungu, don kada gobe a kawo masa ɓarnar wani a ce tasa ce. Ni yake kira Uwata, kuma in yana cikin nishaɗi yakan ce ni kaɗai ce ya yarda da ita a duniya, ita ma yardar rabi da rabi ce.

Akwai dalilin da ya sa ya fi tsanar makaɗa a cikin duk waɗanda bai yarda da su ba. Yana saurayi wani mawaƙi da yake so kamar ransa ya zo wasa garinmu, aka ɗauki Baba ya haɗa lasifikoki. Murna kamar an ba shi sarauta. Da lokaci ya yi sai aka zaunar da shi bayan labule, aka miƙa masa kaset, aka ce in an ɗaga masa hannu ya danna. Ya danna. Mawaƙin nan ya yi ta motsa baki yana dafe ƙirji, mata suna share hawaye, Baba kuwa yana kallon kaset yana juyawa a gabansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi. Tun daga ranar ya kafa dokarsa, wadda muka ji har muka haddace: kunne yana ruɗuwa, ido ma yana ruɗuwa, amma in ka bi waya za ta kai ka inda sautin ya fito.

Sai ga shi Allah ya jarrabe shi da Auta. Ƙanena ne, shi kaɗai ne namiji a cikinmu, kuma shi Baba yake ganin zai gaji shago, don hannunsa ya faɗa da aikin tun yana ƙarami. Wata rana wani ya kawo gyaran jita mai amfani da lantarki, bai sake waiwayo ta ba. Auta ya gyara ta, ya jona ta da wani tsohon akwatin sauti da ke ƙarƙashin teburin Baba, ya ja waya zuwa bencin bakin ƙofa, ya zauna yana ƙwaƙular tsirkiya. Tsakani da Allah kiɗan nasa a lokacin ba ya jiyuwa, kamar an rufe mage a garwa. In abin ya ishi Baba ba ya ɓata bakinsa, ƙafa kawai yake sawa ya fizge wayar daga akwatin, shago ya yi tsit.

Ranar da Auta ya ce zai bi wata ƙungiyar makaɗa masu yawo gari-gari, an kai ruwa rana a gidanmu. Baba bai yi masa baki ba, amma bai sa masa albarka ba. Ya ce shi ya san abin da ake yi bayan labule, can za su koya masa motsa yatsu a kan kiɗan wani. Albarkarsa tana nan a ajiye, sai ranar da ya gani da idonsa cewa hannun ɗansa ne ke fitar da sautin. Auta ya naɗe tsohuwar wayar, ya rataya jitarsa, ya fita idonsa jawur. Shekaru suka shuɗe a haka. Yana kiran Mama, yana kirana, in an miƙa wa Baba salula sai a yi gaisuwa irin ta maƙwabtan da suka taɓa kai juna kotu. In na nuna masa bidiyon wasansu, sai ya saurara ya ce kiɗan ya yi kyau da yawa, shi ya san hannun ɗansa. Abin yana cin Auta, na sani, don duk inda hirarmu ta zaga a kan maganar albarkar nan take ƙarewa.

Bara ƙungiyar tasu ta samu gayyata ƙetare, za su daɗe ba su dawo ba. Kafin su tashi za su yi wasa a wani babban birni da jirgin ƙasa ke kaiwa daga garinmu, Auta ya aiko da tikiti biyu. Ciwon gwiwa ya hana Mama tafiya. Ni na shirya roƙo da rarrashi, har na tsara abin da zan ce in ya kawo maganar kaset, amma kafin in buɗe baki Baba ya ce zai je. Nan take na ce a raina akwai lauje cikin naɗi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni ma ba na yarda da alherin da ya zo da sauƙi.

Zargina ya ƙaru da na ga ya fara tura ƙofar shago rabi yana wani aiki a ɓoye. In na shigo sai ya yi wuf ya rufe abin da jarida, ya hau tambayata lafiyar ɗalibaina, waɗanda bai taɓa damuwa da su ba. Ranar tafiya ya fito da wata baƙar jaka mai zif, ya maƙale ta a hammata. Na gama yanke hukunci cewa kayan tonon asiri ne a ciki, zai je ya datse wata waya a tsakiyar wasa ya kunyata yaron a gaban jama'a. Na faɗa wa Mama, ta ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da muka kai bakin ƙofa kuma ta jawo ni gefe ta ce kada in ɗauke idona daga jakar nan.

A cikin jirgi ya rungume ta a cinya tun daga tasha har tasha. Wani bawan Allah da ke kusa da mu ya ce ya kawo ya ɗora masa a sama, Baba ya yi masa kallon da ya sa mutumin ya canza kujera. Mai duba tikiti ma sai da ya nuna katinsa na aiki kafin a miƙa masa namu.

Auta bai tarbe mu ba. Ya aiko saƙo cewa suna gwaji, sai bayan wasa za mu haɗu, amma ya kama mana ɗakuna a wani otal kusa da tasha. Baba ya ce wanda ya iya abu, gwajin me zai yi ta yi. A otal ɗin aka ba mu kati maimakon makulli, ya ƙi yarda ƙofar ta rufu sai da ya jijjiga ta har ma'aikaci ya leƙo. A banɗaki kuma ya tarar da famfon da ba shi da abin murɗawa, da ka tara hannu sai ruwa ya zubo. Na ji shirunsa ya yi yawa, na ƙwanƙwasa, na same shi kwance a ƙasa, rabin jikinsa a ƙarƙashin wurin wanke hannu. Ya fito da murmushin nasara, ya nuna mini wata siririyar waya da aka ɓoye bayan bututu. Ya ce ai ya faɗa mini, komai da wayarsa, ɓoyewa kawai suka iya.

Da yake wasan sai bayan la'asar ne, na ce mu zaga gari. Ban taɓa zuwa ba, kuma na daɗe ina son ganin doguwar gadar nan tasu da ake nunawa a talabijin. Muka hau bas. Birnin ya burge ni, ba zan ɓoye ba: benaye na gilashi da kake ganin gajimare a jikinsu, tituna masu faɗi da itatuwa a tsakiya, ga wani allon talla da ya kusa girman ajinmu yana canza hoto shi kaɗai. Baba kuwa ba ya kallon sama. Idonsa yana kan direba, yana lura da duk kwanar da aka sha, wai kada a zaga da mu wuri ɗaya sau biyu. A wurinsa duk wanda ya yi mana murmushi ɗan damfara ne, wanda ya ɗaure fuska kuma akwai abin da yake ɓoyewa. Da muka zauna shan shayi a wani shago da ke bakin kogi, ya ciro burodinsa na gida daga aljihu, ya ce ba ya cin abin da bai ga inda aka kwaɓa shi ba. Na tuna masa cewa na gidan ma bai ga kwaɓinsa ba, ya ce amma ya san mai kwaɓawar.

A bakin gadar ne aka ɓata mini rana. Wani mutum ya kafa ɗan fiyano a kan tebur mai mayafi, ga lasifika a gefensa, jama'a sun kewaye shi. Kiɗa mai daɗi, yatsunsa suna gudu, idonsa a lumshe. Na tsaya ina gyaɗa kai, sai na ga Baba ya tsuguna kamar mai gyara takalmi. Ya daɗe a ƙasa, sannan ya miƙe ya taɓa ni, ya yi mini nuni da haɓa. Na sunkuya. Wayar da ta fito daga lasifikar ba ta je wurin fiyano ba, ta shige ƙarƙashin mayafi ne, inda aka kwantar da wata salula tana haske. Baba ya zuba wa mutumin ido, shi kuma ya kawar da kai ya ci gaba da wasa da yatsu.

Muka hau gadar, kogi yana ta sheƙi a ƙasa, jiragen ruwa suna wucewa, amma ni na daina ganin komai. Gani ya kori ji. Na tuna cewa tun da Auta ya bar gida ban taɓa ganinsa yana kiɗa ido da ido ba, kullum a bidiyo ne. Na tuna magen cikin garwa, na auna ta da abin da nake ji a salula, na ga ba su yi kama ba. Raina ya ɓaci, ban san ko da mai fiyanon nake fushi ba, ko da Baba, ko da kaina.

Wuri ɗaya ne Baba ya nema da bakinsa a kai shi, layin masu kayan lantarki. Muka tambaya aka nuna mana, wani dogon titi ne, shago na bin shago, kowanne da nasa kiɗan. Ya yi ta shiga yana tambayar ina mai gyara, samarin da ke sayarwa suna ce masa yanzu ba a gyara, in abu ya lalace sabo ake saya. Ya fito yana girgiza kai kamar wanda ya je gaisuwar mutuwa. Can ƙarshen layi, a ƙarƙashin wata matakala, muka samu wani tsoho da teburinsa da fitilarsa, warin dalma yana tashi. Suka gaisa kamar ciki ɗaya suka fito. Sai Baba ya juya mini baya, ya zuge jakar ya nuna wa tsohon. Na miƙa wuya, na ɗaga dunduniya, ban ga komai ba sai kafaɗarsa. Tsohon ya jinjina kai ya ce aiki ya yi kyau, ya ƙara da cewa amma fa yaran yanzu, kafin ya ƙarasa Baba ya ja zif ya ce mu tafi kada mu makara. Wannan guntuwar maganar ta bi ni har ƙofar zauren wasa.

A ƙofa masu gadi suna binciken kowa. Suka ciro sukundireba da filaya daga aljihun Baba, suka ce a nan za su jira shi. Ya miƙa su kamar an ce ya ba da jinginar ɗa. Da aka zo kan jaka ya ƙi, layi ya tsaya, na bayanmu suka fara tsaki. Da ƙyar ya yarda mutum ɗaya ya leƙa, shi ma sai da aka juya mini baya. Mai gadin ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce mu wuce. Hankalina ya ɗan kwanta tun da an karɓe filaya, amma murmushin bai yi mini ba.

Zauren ya cika maƙil. Kujerunmu suna kusa da gaba, a bakin hanya. Aka rage fitilu, mai ganguna ya fara, na ji bugun a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Mawaƙiyar ƙungiyar ta fito, 'yar siririyar mace mai muryar da ta fi jikinta, jama'a suka miƙe tsaye. Sai ga Auta. Ya rame, ya tara gemu, amma tafiyar nan tasa ta jan ƙafar hagu tana nan. Hawaye suka zubo mini, ban ma tsaya sharewa ba. Ya saki kiɗa, kuma wallahi ban san tsirkiya tana iya magana haka ba.

Na juya in ga fuskar Baba. Ba ya kallon ɗansa, ƙasan dandamali yake kallo, yatsansa yana tafiya a iska. Daga fiyano zuwa akwati akwai waya, daga wurin ganguna zuwa akwati akwai waya. Da ya zo kan Auta sai yatsan ya tsaya. Daidai lokacin Auta ya ruga daga wannan gefen zuwa wancan, ya diro cikin jama'a yana kiɗa, ya juya ya koma, babu abin da ya biyo bayansa.

Baba ya kama hannuna, ya sa baki a kunnena. "Uwata, dubi jitar. Ina wayar?"

Na duba, babu. Na ce masa yanzu akwai kaya marasa waya, ga makirufon mawaƙiyar ma ba shi da ita. Ya ce ita ai ya gano ta tun fitowarta, amma ita ba 'yarsa ba ce. Na so in yi musu, sai dai ban taɓa jin an yi jita irin wannan ba, kuma mai fiyanon bakin gada ya ƙi fita daga kaina. Na dubi Baba. Na zaci zan ga murnar wanda ya kama ɓarawo a fuskarsa, sai na ga baƙin cikin da ban taɓa gani ba.

Aka yi ta waƙoƙi yana zaune kamar an dasa shi. Can sai mawaƙiyar ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce yau babbar rana ce a wurin mai jitarsu, don mahaifinsa yana cikin zauren, kuma kiɗan da za a ji yanzu dominsa ya tsara shi. Wata fitila ta taso daga sama tana lalube cikin jama'a har ta sauka a kanmu. Baba ya miƙe, jakarsa a hammata. Zaure ya ɗauki tafi, kowa ya ɗauka dandamali zai hau. Ya fito kan hanya, ya ba wa dandamali baya, ya nufi ƙofa. Mai fitilar bai gane ba, ya yi ta binsa da haske ana tafi, har ya tura ƙofa ya fita. Sannan tafin ya mutu a hankali.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na rasa wanda zan bi, tsohon da bai san garin ba, ko ƙanena da ke tsaye a gaban jama'a jita a hannu. Na zauna, don a ganina dole wani daga gidanmu ya ji kiɗan nan. Auta ya daɗe yana kallon kujerar da babu kowa, sannan ya fara. Kiɗa ne mai sanyi, yana tafiya a hankali kamar mai lallashi. A tsakiya yatsansa ya zame, sai ga wani mummunan sauti ya fito daga duk lasifikokin zauren, magen nan dai ta cikin garwa. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya sake kamawa daga inda ya faɗi. Ban taɓa murna da kuskuren wani kamar ranar ba, don kaset ba ya tuntuɓe. Sai dai wanda ya kamata ya ji tuntuɓen yana waje.

Da aka tashi na samu Baba a bayan zauren, zaune a kan matakala kusa da motar da ake loda kayan ƙungiyar, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Na ba shi labarin kuskuren. Ya ce masu wayo har kuskure suna sakawa a kaset don a yarda da su. A nan na tsorata da gaske, na ga tafiyar da muka yi don a shirya ita ce za ta raba su gaba ɗaya.

Auta ya fito jiƙe da gumi, jita rataye a bayansa. Ya durƙusa ya gaida Baba, don fushi bai taɓa hana shi wannan ba, sannan ya tambayi laifinsa.

"Na zo, na gani," in ji Baba. "Jita ba waya."

Auta ya dube shi, ya dube ni, ya saki wata dariya marar daɗi. Ya juyo maɗaurin jitar ya nuna wani ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu ba, maƙale a baya. Ya ce shi ke aika sautin ta iska, kamar yadda tasha ke aikowa cikin rediyoyin da Baba ya ƙarar da rayuwarsa yana gyarawa. Baba ya kama shi ya juya, ya shinshina. Ya ce saboda ya san rediyon ne ma bai yarda ba, abin da ya taho ta iska wa ya san daga inda ya taso. Ya ce sai ya buɗe.

"Ba za ka buɗe ba, Baba," in ji Auta. "Ba nawa ba ne, kuma na gaji. Na ɗauka zuwa ka yi ka ji ni, ashe zuwa ka yi ka kama ni."

Ya miƙe zai tafi. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ce tun da gidanmu gidan buɗe-buɗe ne, yau mu ma sai mun buɗe. Na fizge jakar daga cinyar mahaifina, na zuge zif ɗin a gabansu.

Waya ce a ciki. Baƙar wayar jita mai kauri, an naɗe ta tsaf an ƙunshe a tsohuwar jarida. Kawunanta biyu an goge su suna ƙyalli, an liƙe su irin liƙin da Baba ke yi wa aikin da ba ya son a taɓa dawowa da shi. A jikin kowane kai akwai ɗigon jan fenti.

Baba bai kalle mu ba. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Waccan da ka tafi da ita ta tsufa, tana tsaki. Na ce in da gaske kai ke kiɗan, kada ta ba ka kunya a gaban mutane."

Kunya ta rufe ni a kan duk abin da na saƙa game da jakar nan. Auta ya karɓi wayar, ya riƙe ta ya daɗe yana kallon jan fentin, sannan ya kama hannun Baba ya ja shi ciki. Zauren ya zama wayam, sai ma'aikata suna naɗe kaya. Auta ya roƙe su su bar masa akwatin sauti ɗaya. Ya cire ɗan baƙin akwatin nan ya miƙo mini, ya jona wayar Baba, ya taka zai koma wurin da ya saba tsayawa, sai wayar ta riƙe shi. Ba ta kai ko kusa da tsakiyar dandamali ba. Ya waiwayo ya tambaya me ya sa ta yi gajarta haka.

"Daga ƙarƙashin tebur zuwa benci na auna," in ji Baba. "Ni nan na san kana zama."

Auta ya dawo baya ya tsaya inda wayar ta yarda. Baba ya tsuguna, ya bi ta da yatsu tun daga akwati har jikin jita, sannan ya ce a kaɗa. Auta ya fara kiɗan nan da aka yi wa kujera. Ana tsakiya Baba ya sa ƙafa ya fizge wayar kamar yadda yake yi a shago, zaure ya yi tsit, sai ɗan kukan tsirkiya a ƙarƙashin yatsu. Ya sunkuya ya mayar da ita da hannu, sautin ya dawo daidai inda yatsun suke. Daga nan ya zauna a kan wani akwatin kaya, wayar a tafin hannunsa, bai sake motsi ba har aka kai ƙarshe. Ma'aikatan ma sun dakatar da aiki.

"Ashe kai ne," ya ce.

Ya ɗora hannu a kan Auta ya yi ta sa masa albarka, wadda ya ajiye shekara da shekaru duk ya juye ta a wurin, Auta yana durƙushe yana kuka, ni ma ina taya shi. Da ya gama ya share ido da gefen riga, ya ce akwatin nan nasu yana ɗan tsaki, a faɗa musu su kai shi gyara. Sannan ya tura ni in karɓo masa sukundirebarsa kafin masu gadi su musanya ta.

Washegari su Auta suka tashi, mu ma muka kamo hanyar gida. Yanzu in bidiyo ya zo, Baba ne ke fara karɓar salula. A sauran waƙoƙi Auta yana yawonsa da ɗan akwatin nan, amma in an zo kan kiɗan mahaifinsa sai ya koma can gefe, ya jona baƙar waya, ya tsaya wuri ɗaya kamar an ɗaure shi a turke. Baba yakan bi wayar da farce a kan gilashi, daga akwati har jita, sannan ya gyara zama ya saurara. Sauran waƙoƙin kuwa har yau cewa yake ba zai iya rantsuwa a kansu ba.

Kwanan baya na je shago na same shi yana liƙa wani rediyo. Bai ɗago ba, ya tambaye ni, ranar nan da fitila ta biyo shi, tafin da yake ji a bayansa na waye. Na ce nasa ne, shi da Auta. Ya tambaya ko yaron ya ga fitarsa. Na ce ya gani, har bakin ƙofa. Dalma ta narke ta ɗiga a kan tebur bai lura ba. Can ya ce in mun yi magana da Auta in tambayar masa faɗin dandamalinsu, yana so ya haɗa wata wayar.